Gurbin Sunan Kaka

Ainu Shams, Alƙahira
12 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Harun,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Zahra da abin da take ɗauke da shi, Allah ya raba su lafiya. Ka gaishe min da Inna, ka ce mata man gwiwar da na aiko na shafawa ne, ba na ajiya a saman durowa ba. Na san halinta.

Mu nan alhamdu lillahi. Jikin Baba da sauƙi. Wata biyar ke nan tun da ɓarinsa na dama ya shanye. Yanzu yana tashi zaune da kansa, yana cin abinci da hagu. Magana ce dai har yau kalma ɗaya-ɗaya, sauran sai mu canka.

Za ka ce me ya hana ni faɗa maka a waya tunda kullum muna gaisawa. Ka san dokar Baba tun shekarar da wani saƙon murya ya kusa sa 'yan Dokki da 'yan Abbasiya su raba gari: maganar gasa a takarda ake yin ta, a sa hannu, a ajiye a akwatin ƙarfe. Ban karya ta yana tsaye ba, ba zan karya ta yana kwance ba. Sai ka yi haƙuri da ajamin nan nawa.

Ga abin da ke ciki. Wani babban kulob na can bayan gari yana son karɓar gasarmu. Shekara goma sha ɗaya muna buga zari-rugar 'yan bakwai-bakwai a filin ƙasa na bayan layin dogo, ƙungiya takwas daga Iskandariyya har Aswan, ba wanda ya waiwaye mu sai yanzu. Za su ba mu filin ciyawa na gaske, da alƙalai masu takardar shaida, da motar asibiti a tsaye tun daga usur na farko. Dokta Munzir ne ya nemo su, kuma ban ga laifinsa ba. Shi ya riƙe Jamal na ƙungiyar Aswan a gasar da ta wuce, da ya faɗi a busasshiyar ƙasar nan ƙashin kafaɗarsa ya karye. Daga teburina na ji ƙarar ƙashin. Awa ɗaya da rabi muka yi muna neman motar da za ta yarda ta ɗauke shi.

Sharaɗinsu biyu ne. Na farko, ba mai shiga fili sai da iƙama mai rai, wato takardar izinin zama a ƙasa, wai saboda inshora. Ka kuwa san mutanenmu da suka gudo daga yaƙin Sudan: katin mafaka gare su, ranar karɓar iƙama sai a jefa musu ita can gaba, ba wanda ya san yaushe. Na ƙirga, mutum ashirin da shida cikin 'yan wasanmu za su tsaya a waje, kuma Jamal ɗin da aka tayar da maganar dominsa yana cikinsu. Na biyu, rajista ta intanet za a yi, a fom ɗinsu. Sau uku na duba fom ɗin. Akwai gurbin tsawo, akwai na nauyi, har da na rukunin jini. Babu gurbin sunan kaka da garinsa.

Kai ba sai na faɗa maka amfanin gurbin nan ba. Ina zaune da daftarin gasa a gabana ranar da ka fara zuwa, ɗalibi siriri daga Abbasiya, kana ƙunƙuni wai me ya haɗa wasa da kakanka. Ka rubuta Buba ɗan Idi Majemi, Haɗeja. Baba ya karanta, ya cire tabarau, ya zauna a ƙasa. Kakansa Malam Sambo ya bar Haɗeja da ƙafa zai tafi Makka, ya maƙale a Gadarif ta ƙasar Sudan, ya rasu yana ambaton ƙanensa Idi. Ranar na yi ƙane ban nema ba, kuma ban daina gode wa Allah ba, duk da rashin jin maganarka. Bayan namu, gida ashirin da uku daftarin nan ya haɗa.

Amintattun gasa uku ne a takarda: Baba, da Munzir, da kai, tunda Baba ya ƙi sa wani a gurbinka da ka koma gida. Ni mai rubutu ce kawai, ba ni da baki. Na karanta wa Baba takardar kulob ɗin daga farko har ƙarshe. Ya daɗe yana kallon taga, sannan ya ce, "Harun." Daga nan bai ƙara ba.

Suna son amsa ranar Alhamis, 19 ga Disamba. In taka ba ta zo a rubuce ba, ta Munzir kaɗai ce a tebur, da ita za a yi aiki.

Yayarka,
Awadiyya Tarig


Haɗeja
29 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Awadiyya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuh. Takardarki ta same mu lafiya. Zahra ta shiga watanta, ƙafafu sun kumbura, amma tana fama. Inna ta ce in faɗa miki ta buɗe man, ta shinshina, ta mayar. Ki gaida Baba da jiki, ki riƙe hannunsa na hagu ki ce daga ni ne. Ban manta ba, shekara shida na yi a Masar, ban taɓa yin sallah ni kaɗai a ɗaki ba saboda shi.

Sau huɗu na karanta takardarki. Munzir yana da gaskiya a kan ƙasar filin nan, gwiwata ce shaida, har yau sai na dafa in zan tashi daga sujada. Amma amsata a'a ce. Ba don ina ƙin ciyawa ba. A koma musu, a ce mun gode, a nemi su karɓi katin mafaka, su bar mana teburin daftari. In sun ƙi, mu yi bana a tsohon fili, a jiƙa shi kwana uku kafin wasa, a nemo motar asibiti ta kanmu. Gasar da Jamal zai tsaya bayan shingen waya yana leƙe, ban san ta wane ne ba, amma ba ta Baba ba ce.

Yanzu zan faɗi abin da na san zai ɓata miki rai. Yaya, na ga gajiya a takardarki. Shekara goma sha ɗaya kina tashi daga ofishin Dokki ki faɗa neman fili da ruwa da masaukin 'yan Aswan, yanzu ga jinyar Baba. Kin kawo dalilan Munzir da kyau fiye da yadda shi zai kawo su. In ke ce kike so a sauke miki kayan nan, ki faɗa da bakinki, ba laifi ba ne, zan kuma sake tunani. Amma kada ki sa ni in sauke miki da hannuna, sannan a ce Harun ne. Ki yafe min in na wuce gona da iri.

Ga kuma wata magana, ita ma ta gasa ce. A sunayen da kika aiko min bayan gasar da ta wuce, na 'yan wasan da kakanninsu suka fito daga ƙasar Haɗeja, akwai na Jamal: Muhammadu, Garun Gabas. Na so in yi dariya, don rabin garin Muhammadu ne. Wata takwas ina zuwa can duk Asabar ɗin da ba ni da aji. Satin da ya wuce aka kai ni wurin wata tsohuwa, Hajiya Ummukulthum, ta haura tamanin da biyar, idonta ya tafi amma kanta garau yake. Tana da shekara bakwai yayanta Muhammadu ya bi ayarin masu tafiya gabas, bai dawo ba. Ta ce yatsa shida gare shi a hannun hagu, Cindo ake ce masa a gida.

Ban ce mata komai ba. Kin san doka ta biyu: ba a yi wa kowa albishir sai an tabbatar, tun kuskuren da muka yi da mutanen Gusau aka yi ta kuka a banza. Ki samu Jamal, ki ja shi da hira a kan kakansa, ki ji ko zai ambaci hannun da kansa. Ki hanzarta, Yaya, tsohuwar ba ta fita ƙofar ɗaki.

Lawal, ƙanen abokina da ke karatu a Abbasiya, zai taho jibi. Zahra ta haɗa miki kilishi da daddawa da kukar bana, ita za ta ba shi tare da wannan takarda.

Ni, Harun Hasan Buba, ɗaya daga amintattun gasa, ban amince da miƙa ta a kan sharuɗɗan nan biyu ba.

Ƙanenki,
Harun


Ainu Shams
19 ga Disamba

Harun,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, da mai jego da jaririya. Hotunan suna sun yi kyau, Allah ya raya Ummi. Baba yana nan yadda yake. Kayan da Lawal ya kawo na yi godiya a waya, ina ƙarawa a nan. Kilishin bai kwana biyu ba. Kukar na ɗaga ta sama, sai azumi.

Yau Alhamis. Da hantsi Munzir ya sa hannu a yarjejeniyar shekara biyu. Ni na riƙe masa takardar don iska tana ɗaga ta.

Sati goma na jira. Satin farko na ce hanya ce. Daga nan na ce haihuwa ce, ba a takura wa mutum matarsa tana kan gwiwa. Bayan suna na ce to yanzu kam. Duk ɗalibin da na ji ya sauka daga Kano sai na bi ta Abbasiya in na taso aiki, in tsaya a ƙofar gidansu kamar mai talla. Kullum kuma ga muryarka a waya: "Yaya, ina kwana, ya jikin Baba?" In ce lafiya lau. Kai ma ka ce lafiya lau. Sau ɗaya na ce maka Disamba ta kama, ka ce, "Allah ya zaɓa mafi alheri." Na gane. Haka mutum yake cewa in ya wanke hannunsa.

Ban tambaye ka ba, kuma ba zan ce na yi nadama ba. Ni ce babba. Na rubuta maka da hannuna, ba zan bi ka ina roƙon amsa ba.

Da a ce ka rubuto ka ce e, wallahi da na karɓa. Kana da iyali, kana da ɗalibai, Masar ta zama labari a wurinka, haka rayuwa take. Abin da ya yi min ciwo shi ne Baba. Kalma ɗaya ya iya fitarwa a kan aikin da ya ba rabin ransa, kalmar nan kuwa sunanka ce. Da na dawo na faɗa masa an sa hannu, ya juya fuska bango. Abincin rana yana nan a rufe.

Na je na faɗa wa Jamal da kaina a shagon gyaran wayar da yake aiki nan Alƙahira, don tun da ya karye bai koma Aswan ba. Ya yi murmushi ya ce, "Ma'alish ya Usta, ai dama kafaɗar ba ta gama warkewa ba." Shi yake ba ni haƙuri. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Ba na so abin nan ya taɓa zumunci. Kai ƙanena ne ko da gasa ko babu, daftarin da ya haɗa mu bai ce sai da sharaɗi ba. Amma raina ya ɓaci, kuma gara ka ji daga gare ni. Wani ɗalibi zai tafi hutu gobe, shi zai kawo maka wannan.

Awadiyya


Ainu Shams
22 ga Disamba

Ƙanena Harun,

Assalamu alaikum. Wannan hotonta zan ɗauka in turo maka ta waya yanzu-yanzu. Na karya dokar Baba, a gabansa kuma, ya gani bai hana ba. Akwai wata takarda tawa a hanya. In ta iso, ka karanta ta in kana so, na cancanci ka san abin da na faɗa, amma ka fara da wannan.

Kwana uku Baba ba ya cin komai sai shayi. Na yi masa asida, ya ture. Na yi masa ful, ya ture. Yau da safe na ce bari in sauko da kukar Haɗeja, ko ƙamshin gida zai ja shi. Na hau kujera na ɗauko gwangwanin daga saman durowa, na yanke selotef, na zura cokali, sai na ji ya taɓa leda. Na tono. Takardarka ce, a naɗe cikin leda biyu, ta yi kore shar.

Sati bakwai tana saman kaina, Harun. Ina kwana a ƙarƙashinta, ina tashi ina zuwa Abbasiya nemanta. Ni da nake yi wa Inna tsiya a kan man gwiwa. Kada ka faɗa mata, in kuwa ka faɗa, ka bari sai ba na kan waya.

Na zauna a ƙasan kicin na karanta, na yi kuka, na yi dariya, na sake yin kuka. Sannan na kai wa Baba na karanta masa. Da na zo wurin da ka sa hannu, ya ce in sake. Na sake. Ya miƙo hagunsa ya karɓi takardar ya ɗora a ƙirji. Na yi tuwo da miyar kukar, ya ci malmala ɗaya da rabi.

Maganar gajiya kuwa, ka faɗi gaskiya, ban kuma ji daɗinta ba. Na gaji. Da Munzir yana sa hannu, a ƙarƙashin baƙin cikin akwai wani ɗan sanyi da na ji a kafaɗata, na kuma ji kunyar jin sa. Ina ganin shi ya sa ban ɗaga waya na tambaye ka ba. Na ce girma ne, amma ba girman ba ne kaɗai.

Daga nan ban tsaya wanke tukunya ba, na hau jirgin ƙasa na metro zuwa wurin Jamal. Na ce ina gyara daftari ne, ina cike bayanan kakanni. Ya ce bai san komai a kan Garun Gabas ba sai sunan, kakan ya rasu yana ɗan shekara tara. Na ce to wane irin mutum ne? Ya ce mai sayar da goro ne a kasuwar Gadarif, ba ma wanda ya san shi da Muhammadu. "Abu Sitta ake ce masa," in ji shi, "don yatsunsa shida a nan." Ya ɗaga hannun hagu yana riƙe da sukundireba.

Na yi masa godiya na fito. Ban faɗa masa ba tukuna. Ka faɗa min gaskiya kafin in buɗe baki: tsohuwar tana nan?

Yayarka mai laifi,
Awadiyya


Haɗeja
30 ga Disamba

Yaya Awadiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Ummi tana ta ƙiba. Fushinki ya iso jiya a hannun ɗalibin, kwana bakwai bayan ban-haƙurinki. Na karanta. Ba kalmar da zan ce ki janye.

Laifin na raba shi uku. Zahra ta ce Lawal ya taɓa yar da fasfo ɗinsa a mota, don haka ba za ta ba shi ambulan a hannu ba, ta binne shi inda ba zai ɓata ba, yadda mahaifiyarta take yi in za ta aika abu mai muhimmanci. Ta yi niyyar faɗa min, naƙuda ta riga ta. Tun da ta ji take kuka, ki kira ta don Allah. Kashi na biyu naki ne da durowarki. Na uku, mafi girma, nawa ne. Da kika yi godiyar kaya ba ki ce uffan a kan takarda ba, na ce shi ke nan, maganar gajiya ta yi miki zafi, Yaya ta yi fushi, ƙane kuwa ba ya tono fushin babba. Na ɗauka kin tambayi Jamal bai dace ba. Sati bakwai ina gaishe ki kullum, da tsohuwa mai shekara tamanin da biyar a wuyana, kunya ta hana ni tambaya ɗaya. Da Allah ya ɗauke ta a tsakanin nan, ban san inda zan sa kaina ba.

Kin ga kiran da muka yi ranar Talata daga ɓangarenku, bari in ba ki namu, don a sa a akwati. An fito da Hajiya tsakar gida a kan tabarma, jikoki sun kewaye ta. Na sa mata wayar a kunne tunda hoton ba ya mata amfani. Hausar Jamal ta karye don ruɗewa, sai Larabci yake zubowa, ina fassarawa. Ta ce a bar fassara, ya yi ta magana kawai. Ta saurara ta saurara, sannan ta ce, "Muryar Cindo ce, har da yadda yake haɗiye ƙarshen magana." Ta tambaya ko ya isa Makka. Jamal ya ce sau biyu. Ta ce, "To alhamdu lillahi, Innarmu ta mutu tana cewa kura ta cinye shi a hanya." Bayan an kashe wayar ta ƙi sakin hannuna. Ta yi wa Baba addu'a da sunansa da na mahaifinsa har aka kira la'asar.

Sa hannun Munzir ya zauna, ba zan ce a warware alkawari ba, kuma ki faɗa masa ban riƙe shi da komai ba. Amma wanda ke nesa bai kamata ya riƙe amanar da ake yanke ta a kusa ba, wannan karon ya ishe ni darasi. Ki faɗa wa Baba na sauka, in ya yarda a sa Jamal. Aikin yawo da sunaye kuwa ba zan bari ba sai ƙafa ta ƙi.

Tambaya ɗaya: takardar da aka sa wa hannu, ta ambaci daftari?

Ƙanenki,
Harun


Ainu Shams
16 ga Fabrairu

Ƙanena Harun,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya, ka shafa min kan Ummi. Ka ce wa Zahra kukar ta kusa ƙarewa, ta sake aikowa kafin azumi, amma a tankaɗe ta a gabanka. Jamal ya ce ka gaida Hajiya, yana neman wanda zai kawo mata turaren wuta.

An yi gasa jiya Asabar, kuma zan ba ka ita yadda take, mai daɗi da marar daɗi.

Filin yana da kyau, Harun, ba zan ɓoye ba. 'Yan Abbasiya da suka shiga sai da suka tsuguna suna shafa ciyawar. Tun safe har la'asar ana kayar da juna, ba wanda ya karye, motar asibitin ta koma yadda ta zo. Iskandariyya ce ta ɗauki kofi, ta doke Dokki a minti na ƙarshe. Munzir ya zo ya tsaya kusa da ni, na ce masa ya yi gaskiya a kan ƙasa. Ya ce ni ma na yi gaskiya a kan ƙofa.

Don ƙungiya shida ce ta buga, ba takwas ba. Aswan ba ta iya haɗa mutum bakwai masu iƙama ba, ƙungiya ta biyu ta Ainu Shams ma haka. Mutum ashirin da shidan nan sun zo duka, sanye da rigunansu na wasa, suka zauna a benci suna kallo. Wannan ba abin da zai wanke min shi. Madam Eman, sakatariyar kulob ɗin, ta tambaye ni su waye. Na faɗa mata. Ta ce in kawo mata hoton katin mafakar ta nuna wa masu inshora. Ta ce in sha Allahu, ka kuwa san in sha Allahun ofis, amma ta rubuta lambata da hannunta. Ni da Jamal za mu je ranar Talata, mu kuma sake zuwa ta sama. Baba ya amince da shi a gurbinka, ya dangwala yatsa.

Tambayarka: takardar ba ta ambaci daftari ba, ko sau ɗaya. Sun karɓi suna, sun karɓi kofi, littafin bai shiga idonsu ba. Don haka na ɗauki teburina na roba na kafa shi a bakin titi, taku goma daga ƙofarsu, inda ba na kowa ba. Jamal ya turo Baba a keke. A tsohon fili 'yan wasa kaɗai nake rubutawa, arba'in ko hamsin. A bakin titi kuwa kowa ta gabanka yake wucewa. Jamal ya tsaya yana tare mutane da kafaɗarsa ɗaya, yana ba su labarin Abu Sitta har muryarsa ta dishe. 'Yan kallo suka rubuta, matan da suka rako mazajensu suka rubuta, wata mai shayi 'yar Nyala ta ce kakarta daga Damagaram take. Suna ɗari da tara na tashi da su. Goma sha ɗaya na ƙasarku ne, suna bayan wannan takarda, sai ka shafa wa gwiwarka man Inna.

Shekara goma sha ɗaya ina zaton sai na nemi fili da ruwa da masauki kafin in sami damar buɗe littafin nan. Jiya na zauna kawai na rubuta, wasu na ta fama da sauran. Na gode wa Allah, na gode wa Munzir, har kulob ɗin ma na gode musu rabin godiya, sauran rabin sai ranar da na ga 'yan Aswan a kan ciyawa.

Da aka watse ina haɗa kaya, Baba ya ɗora hagunsa a kan daftarin ya hana ni rufewa. Ya turo min shi, ya turo biro. Na ce, "Baba, an gama, ba sauran kowa." Ya kalle ni, bakinsa yana ta kokawa, na jira. Tambayar da ya yi wa kowane ɗan wasa tun ranar farko ita ya fitar, kalma uku a jere, karo na farko tun da ya kwanta: "Ke, waye kakanki?"

Sai a lokacin na lura, duk sunan da ke littafin nan ni na rubuta shi ko a gabana aka rubuta, amma nawa ba ya ciki. Ban taɓa riƙe ƙwallo ba, ban ɗauka ina da layi ba.

Na zauna na cike. Awadiyya Tarig, Ainu Shams. Tattaɓa-kunnen Malam Sambo Majemi, Haɗeja. Gurbin ƙarshe, wanda muke bari fari sai ranar da aka dace, na wanda aka samo, ban bar shi fari ba. Na rubuta sunanka.

Yayarka,
Awadiyya